Me ya sa dodon labarina yake daina ban tsoro da zarar ya bayyana?

Tambaya: Malam, ina rubuta labarin wasu masu farautar dodo a wani tsohon gida, irin salon ban tsoro na Turawa da ake kira gotik. Amma da zarar dodon ya fito fili, sai tsoron ya gushe. Wace dabara marubutansu suke bi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, ina kyautata zaton kin yi saurin fito da shi ne. Abin da ido ya ƙare wa kallo ba ya firgitarwa kamar wanda aka ji motsinsa a bayan ƙofa.

Dubi littafin Dracula, labarin wani dodo mai shan jinin mutane, wanda Bram Stoker ya fitar a 1897. Babu mai ba da labari guda a cikinsa. Wasiƙu ne, da kundin sirrin mutane, da yankan jarida, kowa yana faɗin ɗan abin da ya gani. Shi dodon bai taɓa ba da labarin da bakinsa ba, kuma bayan babin farko-farko ba kasafai ake ganinsa ba. Wurin da ya fi ratsa ni shi ne kundin kyaftin ɗin jirgin ruwan Demeter: ma'aikata suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har jirgin ya iso gaɓar Whitby a Ingila da gawar kyaftin ɗaure a jikin sitiyarin jirgin, wani ƙaton kare ya yi tsalle ya fice. Mai karatu ya gane wane ne karen, mutanen gari ba su gane ba. A wannan tazarar tsoron yake zaune.

Sai ki kafa wa dodonki dokoki, kuma kada ki karya su. Dracula ba ya shiga gida sai an gayyace shi, ba ya fita a madubi, ƙarfinsa yana raguwa da rana, kuma dole ya kwanta a kan ƙasar mahaifarsa, shi ya sa ya taho da akwatuna 50 cike da ita. Da wannan ne Van Helsing, jagoran mafarautan, da abokansa suka sami aikin yi: bin akwatunan ɗaya-ɗaya, suna tsere da faɗuwar rana.

Tsohon gida kam kin yi daidai, tun zamanin Horace Walpole, marubucin Ingila da ya fara gotik a 1764, salon yake tafe da shi.

Abin da sababbin marubuta suka fi tsallakewa shi ne asara. Mafarautan Stoker sai da suka soke gawar Lucy, wadda uku daga cikinsu suka nemi aurenta, bayan ta rikiɗe ta zama dodo. Dodon ya ciji Mina, matar ɗaya daga cikinsu, Quincey Morris kuma, wani daga cikin mafarautan, ya mutu a karon ƙarshe. Kafin ki bari a ga fuskar naki dodon, ki zaɓi wanda masu karatu suka fi ƙauna cikin mafarautan, ki sa a wayi gari da tabon haƙori a wuyansa, yana ɓoye wa sauran.