Fulin da ya zo da wincin tarakta: yana ninka ƙarfi, yana ninka haɗari

Tambaya: Na sayi winci na hannu mai jan tan 5, irin wanda ake ɗaurawa a bayan tarakta. Ya zo da fuli (ƙaramar ƙafar ƙarfe mai juyawa da waya ke bi ta kanta), sarƙoƙi da rimot. An ce mini fuli yana ninka ƙarfin ja. Zan iya amfani da shi in tuge kututture a gona, ko in fito da mota daga taɓo?

Amsa: Malam, gaskiya aka faɗa maka, amma rabinta. Idan ka maƙala fuli a jikin abin da za ka ja, wayar ta zagaya ta kansa ta dawo ka ɗaure ƙarshenta a wuri mai ƙarfi, wincinka zai ja kusan tan 10, sai dai saurinsa ya ragu da rabi. Abin da ba a gaya maka ba shi ne wannan tan 10 ɗin duk a wuyan fulin yake, da shakul ɗin da ya riƙe shi (lanƙwasasshen ƙarfen haɗi da ake rufewa da fil), da sarƙar. Saboda haka ka duba lambar da aka buga a jikin kowannensu. Lambar da ke kusa da haruffan WLL ita ce iyakar nauyin da aka yarda ya ɗauka. Fulin da bai kai tan 10 ba, ajiye shi. Wanda ba shi da lamba ma, ni ba na yarda da shi ko kyauta aka ba ni. Haka sarƙar da aka yi wa walda, da shakul ɗin da fil ɗinsa ya ɓace aka cusa masa kusa ko bolt.

In kuwa a bishiya ka rataye fulin don karkatar da ja, ƙarfi bai ƙaru ba, amma bishiyar na iya ɗaukar fiye da abin da winci ke ja: a kusurwar digiri 90, kusan tan 7 ke kanta. Nan ne na fi jin tsoro. Wayar tana yin kamar baka da aka ɗana, kuma duk wanda ya tsaya a cikin lungun da wayar ta lanƙwasa, a kansa fulin zai faɗa idan wani abu ya tsinke. Ka kori yara da masu kallo tukuna, sannan kai ma ka ja da baya. Amfanin rimot ke nan.

Tarakta ta juya wa kayan baya sosai, a sauke farantin wincin ya nutse a ƙasa, a ja birkin hannu. Ja daga gefe yana kifar da tarakta. Kututture kuma a haƙe gindinsa a sare manyan saiwoyi kafin a fara, kada a fizga.

Sandar PTO, wadda ke kai ƙarfin injin tarakta zuwa winci, tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa. Kada ka cire murfinta, kuma kada ka kusance ta da babbar riga ko rawani. Wayar ma sai da safar hannu ta fata, domin zaren ƙarfen da ya tsinke yana huda tafin hannu.