Amsa: Wace ce jarumar fim ɗin The Woman King?

'Yar uwa, kin tambayi ko matar da ta fito a matsayin shugabar mayaƙa mata na masarautar Dahomey sabuwar fuska ce. Ina! Viola Davis ce, kuma kafin fim ɗin ya fito a 2022 ta daɗe ana damawa da ita.

An haife ta a 1965 a jihar Carolina ta Kudu a Amurka, ta tashi a Rhode Island cikin talauci mai tsanani, har da kwana da yunwa. Ta yi karatun wasan kwaikwayo a makarantar Juilliard ta New York, ta shafe shekaru tana wasan dandali kafin masu fim su waiwaye ta. A fim ɗin Doubt na 2008 'yan mintuna kaɗan aka ba ta tare da fitacciyar jaruma Meryl Streep, amma suka isa aka sa sunanta cikin masu neman Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka. Ta ci kyautar a 2017 da fim ɗin Fences.

Ni dai a ganina aikinta na talabijin ya fi shiga rai. A shirin How to Get Away with Murder ta fito a lauya Annalise Keating. Akwai inda ta zauna gaban madubi ta cire gashin kanti, ta goge kwalliya tas, sannan ta tunkari mijinta. Wannan shirin ya ba ta Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, a 2015, baƙar mace ta farko da ta ci kyautar babbar jaruma a rukunin diramar talabijin. Nemi zangon farko ki fara da shi.