Ari bindigar, ka mayar masa da gwangwanin harsashin

Nura ɗana,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya same ni ranar Laraba bayan la'asar, har Hajiya ta sa na karanta mata sau biyu. Ina fata sanyin lardin Alberta na Kanada bai fara matsa muku ba, kai da mai ɗakinka da yara.

Ka ce maƙwabcinka, wani dattijon Bature, ya gayyace ka farautar barewa a watan Nuwamba. Zai ara maka bindigarsa Lee-Enfield, ya kuma ba ka gwangwanin tsofaffin harsasan soja da ya gada, waɗanda aka buga 1943 da VII a gindinsu. Kana tambaya ko a al'adar gidanmu ana shiga daji da kayan yaƙi, kuma ko naman ya halatta. Na kuma gane abin da ya ja ranka: irin harsashin da kakanka Baba Saje ya harba a yaƙin ƙasar Bama (Burma) ne.

To, ari bindigar, ka mayar masa da gwangwanin. Na san ka tun kana yaro ba ka karɓar hani sai an gaya maka dalili, saboda haka gyara zama.

Bindigar nan mu Mak-fo muke ce mata. Da ita aka koya mana harbi lokacin da na shiga aikin ɗan sanda a 1972, kuma har yau kafaɗata ba ta manta naushinta ba. Tana cin harsashi 10, ana ɗura mata biyar-biyar, sakatarta kuwa santsi kamar an shafa mata man shanu. Harsashinta, .303, Ingila ta ɗauke shi a 1888, shekara 15 kafin Turawa su ci Kano. VII ɗin da ka gani yana nufin samfuri na bakwai, wanda aka fito da shi a 1910. Da shi aka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da shi su Baba Saje na runduna ta 81 da ta 82 suka ratsa kwarin Kaladan da ƙasar Arakan. Barikin Dalet na Kaduna ma daga can ya samo sunansa. Da yaƙi ya ƙare aka yi gwanjon bindigogin da arha a Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu, manoma suka saya, suka rage katakonta don ta yi sauƙin ɗauka, suka riƙa ciyar da iyali da ita. Dakarun sa-kai na arewacin Kanada, waɗanda da yawansu maharba ne 'yan asalin ƙasar, sun riƙe ta tun 1947, sai wajen 2018 aka fara sauya musu. Bindigar da ta yi shekara 70 tana aiki cikin ƙanƙara ba za ta gaza a kan barewa ba. A nan maƙwabcinka yana da gaskiya.

Maganar harsashin ce daban, kuma ni gani na yi da idona.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, wani ɗan garinmu ya dawo da Mak-fo a ɓoye cikin tabarma, da harsasai cike da safa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya rasu, jikokinsa kuma abokanka ne. Da rani ya biyo mu daji. Baba Saje ya ce masa, “Ajiye ta a gida, ga bindigar toka na ara maka.” Ya ƙi. Shi a ganinsa abin da ya kayar da mutum daga nesa ai zai kayar da dabba. Da hantsi muka ci karo da gwanki a bakin wata fadama, namiji, babba. Ya saita ya harba. Mun ji bugun harsashi a jikinsa, mun ga ƙura ta tashi a bayansa, wato ya shiga ta nan ya fita ta can. Gwanki ya yi tsalle ɗaya ya shige kurmi kamar ba a taɓa shi ba.

Mutumin ya ce ai kuskure ya yi, mu nemi wani. Baba bai ce masa komai ba. Ya je inda dabbar ta tsaya, ya durƙusa, ya nuna mana ɗigon jini guda biyu a kan ciyawa, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba. Ya ce, “Farauta ta ƙare yau. Bashi muka ci, sai mun biya.” Muka bi sawu har rana ta faɗi. Jini ya ɗauke tun kafin azahar, sai kofato da karyayyen kara muke bi. Muka kwana a gindin wata tsamiya ba mu ci komai ba sai ƙuli-ƙuli. Washegari da la'asar ungulaye ne suka nuna mana shi. Ya mutu a bakin ruwa, cikinsa ya kumbura, kura ta riga ta cinye cinya guda. Hudar harsashin ba ta fi kan ɗan yatsa ba, ta hanji ta bi. Naman da zai ishi unguwa guda ya zama mushe, dabba kuma ta kwana cikin azaba saboda mu. Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar ta wannan rana ba, mutumin da ya ga gawarwaki a Bama.

A hanyar dawowa ne ya yi mini bayanin da daga baya na tarar da shi daidai a wajen horo. Kan harsashin soja dalma ce aka sa mata riga mai tauri tun daga tsini har ƙasa, don kada ta baje in ta shiga jiki. Da gangan aka yi shi haka. Wajen 1896 Turawan Ingila sun ƙera harsashi mai buɗaɗɗen kai a masana'antar Dum Dum kusa da Kalkata, ɓarnar da yake yi a jikin mutum ta sa ƙasashe suka hana amfani da irinsa a yaƙi a taron birnin Heg na ƙasar Holan a 1899. Tun daga nan harsashin soja ya zama mai rufaffen kai. Shi kuwa maharbi abin da aka hana soja shi yake buƙata: kan da zai buɗe ya yi faɗi, ya yaga huhu da zuciya, dabba ta faɗi nan kusa, jini ya zuba yadda ko yaro zai iya bi.

Samfuri na bakwai yana da wata dabara kuma. An sa abu marar nauyi, kamar alminiyam, a cikin tsininsa, dalmar tana baya. Nauyinsa wajen giram 11, yana fita da gudun kusan mita 740 a daƙiƙa, in ya shiga nama sai ya wuntsila. Za ka ji masu cewa ai wannan ya sa yana kisa sosai. Wani lokaci haka ne. Amma ba ka san inda zai wuntsila ba, ko ta ina zai karkata. Yau ya farfasa karfata ya ɓata rabin nama, gobe ya wuce sumul kamar allura cikin alawayyo. Maharbi ba ya caca da ran dabba.

Al'adar da ka tambaya, ga ta. A gidanmu ba a taɓa tambayar ina makami ya fito ba. Kakan Baba da baka ya yi farauta, mahaifinsa da bindigar toka, ni na riƙe mai baki biyu da lasisi. Abin da ake tambaya shi ne, in ka harba za ta faɗi? Ba a harbin mai ciki ko mai shayarwa. Ba a harbi sai an ga dabba sarai, an kuma ga abin da ke bayanta. Wanda ya ji wa dabba rauni shi zai bi ta, ko da zai kwana a daji, kuma ba ya harbin wata sai ya gama da ita. In an dawo, Sarkin Baka yana da rabonsa, maƙwabta suna da nasu, gwauraye da marayu kafin 'yan gida. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi ko a can. Na tabbata akwai ɗaliban da suka yi wata da watanni ba su ga naman kirki ba.

Ta fuskar addini, abin da muka karanta a zaure ya isa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya gaya wa Adiyyu ɗan Hatim cewa abin da makami ya huda a ci, abin da ya buge da gefensa kada a ci. Harsashi yana hudawa yana zubar da jini, shi ya sa malamanmu na Malikiyya na baya, irin malaman Fas, suka halatta abin da aka harba da dalma. Ka yi bisimilla lokacin da za ka ja kunama. Kai za ka harba da hannunka, don a mazhabarmu maharbin ya zama Musulmi. In ka tarar da sauran rai, ka yanka nan take, saboda haka wuƙarka ta kasance da kaifi a ƙugunka, kada ka bar ta a mota. Sai dai ka tuna sharaɗin Risala, cewa kada dabbar ta kwana ba ka gan ta ba. An yi sassauci in ka tarar da kibiyarka a makasarta. To harsashin da ya shiga ya fita, ya bar dabba ta yi tafiyar yini guda, wace shaida ya bar maka? Ga kuma hadisin da ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa da yanka. Ni wannan ne ya fi tsaya mini a rai duk lokacin da na tuna gwankin nan.

Dokar lardinku ma ta hana harbin manyan namun daji da harsashin da ba ya buɗewa. Ka nemi littafin dokar farauta na bana ka karanta da kanka, ka yi kwas ɗin da suke buƙata, ka karɓi lasisin farauta da na riƙe bindiga. Kai baƙo ne, kada takardar zamanka ta lalace a kan barewa.

Sai tsufa. Harsashin 1943 ya haura shekara 80. Albarushin da ke cikin yawancinsu sirara ne dogaye kamar taliya, zafi da laima suna canza shi, wani ya tashi da ƙarfi wani ya yi sanyi, saiti ya ɓaci. Ɗan maɓallin da ke tsakiyar gindinsa, wanda allurar bindiga ke bugawa, shi ya fi saurin mutuwa. Sai ka ja kunama ka ji ƙyas, shiru, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ta tashi. Duk ranar da haka ta same ka, da kowane irin harsashi, kada ka buɗe sakata, kada ka juya bakinta. Riƙe ta yadda take, ka ƙirga 60. Yawancin na wancan zamani kuma suna barin wani gishiri a cikin bututu mai jawo tsatsa cikin kwana ɗaya. Mu tafasasshen ruwa muke zurarawa ta ciki kafin mu sa mai, don mai kaɗai ba ya wanke shi. A cikin tsohon gwangwani kuma akan sami masu wuta a gindi waɗanda soja ke ganin hanyarsu da dare, guda ɗaya ya isa ya tayar da gobarar daji.

Wani zai ba ka shawara ka goge tsinin da magagari har dalma ta bayyana, wai ya zama na farauta. Kul. Kan harsashin soja a buɗe yake ta ƙasa. In ka buɗe shi ta sama kuma, dalmar na iya fita ta bar rigarta maƙale a bututu, harbi na gaba ya fashe a fuskarka.

Abin da za ka yi mai sauƙi ne. Ka roƙi dattijon ku kai bindigar wajen mai gyaran bindiga ya duba bututu da zaman sakata. Ka sayi sabon .303 na farauta, mai dalma a tsini, har yanzu kamfanoni suna yin sa. Mai lambar nauyi 150 ko 180 a kwali duk ya yi wa barewa. Sayi kwali biyu iri ɗaya, ka ƙarar da guda a filin koyon harbi tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. In ba ka iya zuba harsashi 5 cikin faɗin faifai daga mita 100 ba, bana ka raka su kawai ka ɗauki kaya, babu abin kunya a ciki. In ka iya, kada ka wuce mita 150. Jira ta ba ka gefe, ka sa a bayan karfata. Kada ka harbi wadda ke kan tudu sama na bayanta, don harsashin nan yana tafiyar fiye da kilomita 2.

Da ladabi za ka mayar masa da gwangwanin. Wataƙila na mahaifinsa ne, yana jin sa yadda kake jin Baba Saje. Gaya masa kakanka ma ya yi yaƙin, za ka ga yadda hira za ta buɗe.

Na san zuciyarka za ta raya maka ka taho mini da guda ɗaya tsaraba. Kada ka kuskura, ko kwanson da aka harba ne. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ambaci bindigar soja mai .303 a jerin haramtattu, kuma na ga mutanen kirki sun shiga uku a kan harsashi ɗaya da aka tarar a jaka. In abin tunawa kake so, lambar Tauraron Bama ta kakanka tana nan cikin akwatin ƙarfena tare da takardar sallamarsa. In Sani ya zo ranar Juma'a zan sa ya ɗauki hotonsu ya tura maka, ka nuna wa maƙwabcin naka.

Hajiya ta ce in Allah Ya ba ka sa'a ka yi kilishi, za ta faɗa wa mai ɗakinka yadda ake haɗa labu. Ka shafa mini kan yara.

Baffanka