Amsar Kawu a kan kwanon geron Godiya

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce ba ki gane dalilin da ya sa mu da ke zaune a Kano, ba gona ba rumbu, za mu je kasuwa mu auno gero da dawa mu kai coci ranar Lahadin Godiya ba, alhali ana iya tura kuɗin ta waya a huta. Tambayar ta yi mini daɗi, don ni ma na taɓa yi wa kakanki irinta, sai dai ni harara na samu.

Kuɗi ba laifi ba ne, baiko baiko ne. Amma buɗe Markus sura 4, daga aya 26. Yesu ya kwatanta Mulkin Allah da mutumin da ya yafa iri a gona, ya kwanta ya tashi, dare da rana, iri ya tsira ya yi girma, shi kuwa bai san yadda aka yi ba. Da fari tsiro, sai zangarniya, sai ƙwaya ta cika, sannan a sa lauje. Iyayenmu na ƙauye ba su bukaci a yi musu bayanin wannan ba. Wanda ya yi binne a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan fari ya riga ya san cewa nasa shuka ne da noma, tsiro na Mai sama ne. Damin da yake ɗaukowa a ka ya ajiye gaban jama'a, shaidar da yake bayarwa ke nan. Mu 'yan birni mun rasa gonar, shi ya sa dattawa suka ƙi yarda mu rasa ƙwayar. In kin damƙi gero a tafin hannunki, dole ki tuna ba ke kika yi shi ba, abin da saƙon banki ba ya iya tuna miki.

Ƙwayar mastad da ke biye a surar, yawancinmu ba mu taɓa ganinta ba. Wani tsohon mai bishara a garinmu yakan fito da ɗan kuka guda daga aljihu, ya nuna mana bishiyar da muke zaune a gindinta, ya yi shiru. Yistin nan kuma na Matiyu 13, wanda mace ta cuɗa cikin mudu uku na gari, duk wadda ta taɓa kwana da ƙullun waina ta gane shi.

Ki dubi labarinmu a garin nan ma. A 1900 'yan mishan Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Kano, Sarki Alu bai ba su wurin zama ba, suka juya. Wa zai ce wani abu zai fito daga wannan tafiyar? Miller ya zauna a Zariya yana fama da fassara, sai a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Asibitin ido na mishan ya buɗe a Kano a 1943, cocin ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Kakarki ta koyi karatu da Littafin nan tana da 'ya'ya uku, a gindin fitilar ƙwai. Waɗanda suka yafa irin, da yawansu ba su ga zangarniya ba.

Abin da ke damuna da ku matasa, ki yi haƙuri in faɗa, kuna auna Mulkin da girman gini da ƙarar lasifika, kuna ƙirga kujeru kamar masu haya. Farisiyawa sun tambayi Yesu yaushe Mulkin zai zo, a Luka 17, ya ce musu ba abin da za a nuna da yatsa ba ne a ce ga shi nan ko ga shi can.

Hatsin kuma ba a barinsa ya yi ƙwari a ɗakin ajiya. A cocinmu Zumuntar Mata ke rabawa gwauraye da marayu, wani kaso a aika wa masu bishara na ƙauye.

Don haka ranar Asabar ki biyo ta gidana mu je Dawanau, ya fi Sabon Gari sauƙi. Kwano biyu ya isa. Ki zo da buhunki, kuma ki gaida mamanki, ki ce mata ƙafar ta yi sauƙi.