Tambaya da amsa: juye man bwat da na pon a gida, da iyakar abin da waya za ta iya

Wannan fili na waya ne da kwamfuta, amma a makon nan saƙonnin da suka taru duk na masu katkat ne, wato motocin da ke ja da tayoyi huɗu, kuma kowannensu da waya a ciki. Na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Malam, na sayi Hilux ta 2008 mai gazuwal da giyar hannu a gwanjon wata ƙungiya, ba ta zo da littafinta ba. Ina yawan bin hanyar Tanout. Na je gareji biyu, ɗaya ya ce a zuba mai lamba 90 ko'ina, ɗaya ya ce 140 saboda zafin garinmu. Na kalli bidiyo a YouTube na ga aikin kamar ba wuya. Zan iya yi a gida? Kuma waya za ta iya gaya mini wane mai ne daidai? (Wani Alhaji daga unguwar Zango)

Amsa: Alhaji, za ka iya, kuma aikin hannun bai kai wuyar sauya taya a cikin rairayi ba. Inda ake yin ɓarna shi ne wajen zaɓen mai, don haka wayar ce za ta fara aiki kafin sifana.

Motarka tana da wuri huɗu masu shan man giya, kowanne da nasa: bwat, wato akwatin giya, sai taransfer, wato ƙaramin akwatin da ke bayan bwat mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, sai pon na gaba da pon na baya, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin tayar dama da ta hagu. Bidiyon da ka kalla na motar wani ne a wata ƙasa, kuma Hilux ta shekara ɗaya takan fito da bwat da pon iri-iri gwargwadon kasuwar da aka ƙera ta dominta. Ka nemi farantin ƙarfe ko takardar da kamfani ya manna a jikin motar, galibi a ɗakin inji ko a ginshiƙin ƙofa. Ka ɗauke shi hoto. A kansa akwai lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ke kan katin motarka ma, akwai lambar samfuri, akwai kuma layin da ke nuna irin bwat da pon, kamar R151F da ake yawan gani a Hilux da Land Cruiser masu giyar hannu. Da lambar samfurin nan za ka nemi littafin motar a intanet, ka sauke shi ya zauna cikin waya, domin ranar da za ka buƙace shi a bayan Tanout ba lallai ka sami rezo ba. In littafin da Turanci ya zo ko Larabci, kyamarar Google Translate za ta juya maka shafin zuwa Faransanci ko Hausa. Lambobin su ne abin nema, su kuwa ba sa sauyawa da harshe.

A jikin galan abu biyu za ka duba. Na farko kauri: 75W-90, 80W-90, 85W-140. Lambar da ke tare da W tana nuna yadda man yake gudu in yana da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa in ya ɗauki zafi. Na biyu shi ne aji, GL-4 ko GL-5, kuma shi ne wanda mai shago ba ya cika ambata. Haƙoran pon suna gogar juna da matsi mai tsanani, shi ya sa suke buƙatar GL-5, wanda aka ƙara wa sinadarai masu farar wuta don kare ƙarfe. Bwat ɗin giyar hannu kuwa yana da zobban tagulla da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga. Wasu man GL-5 sun yi musu santsi da yawa, wasu ma suna cin tagullar a hankali, sai giya ta fara ƙara in an saka ta. Akwai bwat da kamfani ya yarda a zuba masa kowanne cikin biyun, akwai wanda GL-4 kaɗai aka rubuta masa. Littafin ne zai raba gardama. In pon ɗinka na baya mai LSD ne, wato mai rage wa taya ɗaya juyawa a banza in ta rasa riƙo (sau da yawa akwai takarda manne a jikinsa), sai ka sayi man da aka rubuta LS ko LSD a galansa, in ba haka ba zai riƙa gurnani a kwana.

Game da gardamar garejin nan biyu: mai cewa 140 yana da ɗan uzuri in pon na baya ake nufi, a motar da ke ɗaukar kaya fiye da kima cikin zafin Afrilu da Mayu. Amma zuba shi cikin bwat ban yarda da shi ba. Da safiyar hunturu giya za ta yi tauri, direba ya riƙa danna ta da ƙarfi, zobban nan su riƙa cinyewa. Mai cewa 90 ya fi kusa da gaskiya, sai dai bai faɗi aji ba. Ga irin motarka ka tanadi wajen lita 8 duka-duka. Land Cruiser takan kai 10.

Yanzu aikin. Ka ɗan zaga gari da motar na minti goma ko sha biyar, man ya yi ɗumi ya saki jiki. Ka tsayar da ita a wuri shimfiɗaɗɗe, don in ta karkata awon man zai yi ƙarya. Ja birkin hannu, sa dutse a gaban taya da bayanta. Katkat tana da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashinta ba tare da an ɗaga ba, to kar ka ɗaga. In dole ne sai an ɗaga, kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Kowane ɗaya daga wuraren huɗun yana da bushon biyu, wato murfi mai zare, na zubawa a gefe sama, na juyewa a ƙasa. Ka goge ƙurar da ta daskare kewaye da su tukuna. Sannan ka fara kwance na sama. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran: in ka juye man sannan ka tarar na sama ya ƙi kwancewa, ka zauna da mota babu mai, ba ta zuwa gareji sai an ja ta. A motocin gwanjo bushon da aka cinye wa kai da guduma ba abin mamaki ba ne. Yawancin na Toyota sifana lamba 24 suke ci, wasu na pon ɗin gaba kuma sifana mai kusurwa shida lamba 10 da ake cusawa ciki. Ka yi amfani da mai zagaye kan bushon gaba ɗaya, mai baki buɗe ita ce ke lalata su.

In na sama ya kwance, sa kwano, kwance na ƙasa, ka bar man ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Warin man giya ba daɗi, farar wutar nan ce, ba alamar lalacewa ba. Bushon na ƙasa yakan zo da maganaɗisu. Laushin baƙin gari a kansa ba komai, goge shi kawai. In ka ga gutsattsarin ƙarfe da kake ji a yatsa, ɗauki hotonsu ka kai wa makaniki, haƙori ne ko rulma ta fara tafiya, kuma sabon mai ba ya gyara wannan. Ka sa sabon zobe a ƙarƙashin bushon, tsohon ya riga ya matse, zai riƙa zufa. Wajen ɗaurewa kar ka taka sifana da ƙafa. Jikin bwat da taransfer sanholo ne, zarensa ba ya jure ƙarfi, kuma in ya tsinke kuɗin gyaransa ya ninka na man sau da yawa.

Zubawar ce ke cin lokaci, don ramin a gefe yake kuma galan ba ya shiga. Ko ƙaramin famfon hannu, ko babban sirinji na mai, ko dogon tiyo mai tsabta da mazurari, yaro ya riƙe a sama yana zubawa kai kana ƙasa. Ka yi ta zubawa har man ya fara leƙowa daga bakin ramin, ka jira ya daina zuba, ka ɗaure. Awon ke nan, babu sanda. In iska na tashi da ƙura a ranar, bari sai gobe.

Tambaya: Na sayi ƴar na'urar nan da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari tana haɗuwa da waya ta Bluetooth. Za ta nuna mini lokacin da man pon ya mutu? Land Cruiser ce ta gidanmu, tsohuwa, na nemi wurin sokawar ban gani ba. (Wani ɗalibi daga Karkada)

Amsa: Ƙanena, ba za ta nuna ba. Na'urar, wadda yawancin ire-irenta ake sayarwa da sunan ELM327, ba ta auna komai da kanta. Abin da kwamfutar motar ta sani shi take miƙa wa manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Pon da bwat ɗin hannu kuwa babu abin da ke auna mansu, don haka kwamfutar ba ta da labari. Rashin ganin wurin sokawar ma ba laifinka ba ne. Soket ɗin mai ƙafa 16 ya zama dole a Amurka tun 1996, a Turai daga 2001 ga masu esansi da 2004 ga masu gazuwal, amma tsofaffin Land Cruiser masu injin 1HZ famfonsu na gazuwal ba na kwamfuta ba ne, babu abin da za a karanta.

Inda na'urar take da amfani na gaske shi ne bwat otomatik. Wannan ba ya shan man giyar da muka yi magana a sama. Nasa daban ne, mai ruwa-ruwa, ATF, shi ma iri-iri: Dexron, T-IV, WS, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Yawancin na zamani ba su da sandar awo, ana daidaita man ne inji na aiki, man kuma yana kan wani zafi da littafi ya ƙayyade, saboda yana kumbura in ya yi zafi. A wasu motocin manhajar tana iya nuna wannan zafin. Ko da haka, otomatik marar sanda ba aikin da zan ce wanda bai taɓa yi ba ya fara da shi a tsakar gida ba ne.

Tambaya: Ga hoto na turo. Na kwance pon na baya sai man ya fito fari-fari. Damanar bana na sha ƙetare ruwa tsakanin Mirya da ƙauyukanmu. Man jabu aka zuba mini? (Wani direba daga Mirya)

Amsa: Na ga hoton, ɗan'uwa, launinsa kamar shayin da aka cika wa madara. Ruwa ne ya shiga, kuma ko man gaske ne haka zai koma. A saman kowane pon akwai ƴar hanyar numfashi, ƙaramin kai mai hula ko siririn tiyo, da ke fitar da iska in pon ya yi zafi. Ka taho da gudu pon ya ɗauki zafi, ka faɗa ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke nan take, sai ya zuƙo ruwa ta nan ko ta robobin da ke tare mai a bakin taya. Da rani kuma ƙura ce ke toshe hanyar, matsi ya taru, man ya fito ta robobin ya jiƙa birki. Kwance hanyar numfashin ka wanke da gazuwal, ka tabbata hular tana motsi. Masu yawan shiga ruwa sukan ƙara mata dogon tiyo su ɗaure bakinsa can sama.

Zuba sabon mai, yi tafiyar ƴan kwanaki, ka sake leƙawa. In har yanzu da fari, sake juyewa. Ka duba pon na gaba da taransfer su ma, ruwa ɗaya suka shiga. Kuma daga yanzu duk ƙarshen damana ka kwance bushon na sama ka tsoma yatsa, ko kilomita ba su cika ba.

Tambaya: Direbana ne ke kula da motar, ni dai kuɗi nake bayarwa. Ta yaya zan san an yi, kuma yaushe za a sake? (Wata Hajiya daga Sabon Gari)

Amsa: Hajiya, ki ce ya turo miki hoto uku ta WhatsApp ranar aikin: allon kilomita, galan ɗin tun murfinsu na a liƙe da rubutun kauri da aji a bayyane, da tsohon man a cikin kwano. Wayar tana ajiye kwanan watan kowane hoto. Ki buɗe kalandar waya ki sa tunatarwa. Ga motar da ke shan ƙura da rairayi da kaya irin na ƙasarmu, kilomita 40,000 ma'auni ne mai kyau in littafin motar bai ce ƙasa da haka ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ban ba da shawararsa ba, don babu yadda za a san ajinsa.

Tsohon man kuma a juye shi cikin galan ɗin da suka zama fanko a rufe, a kai wa gareji. Kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba a kan ƙazuwa ko ciwo kamar yadda wasu ke yi, don yana ɗauke da garin ƙarfe da sinadaran da ke cutar da fata.