Tambaya da Amsa: Yaya ake auna talaucin makamashi a gidajen Girka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, an ba mu aiki kan yadda ake gane gidajen da wuta da ɗumama ɗaki suka fi ƙarfinsu a Girka. Kuɗin da gida ke kashewa kawai ake dubawa? Daga Hauwa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama Hauwa. Duba kuɗi kaɗai ba ya isa. Tsohon ma'auni, wanda Brenda Boardman ta kawo a Birtaniya a 1991, shi ne gidan da sai ya kashe sama da kashi 10 cikin 100 na samunsa kafin ya samu makamashin da yake buƙata. Ki kula, abin da ya kamata ya kashe ake nufi, ba abin da ya kashe ba.

A Girka wannan bambanci babba ne. A 2012 gwamnati ta ƙara harajin man ɗumama gida, mutane da yawa suka daina saye, wasu suka koma ƙona itace har hayaƙi ya turnuƙe biranen Atina da Tasalonika. Gidan da ya kashe na'urar ɗumi ya duƙunƙune cikin bargo, rasidinsa kaɗan ne, sai lissafi ya ɗauke shi mai wadata alhali shi ya fi wahala.

Shi ya sa ake haɗa hanyoyi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar, ELSTAT, tana tambayar magidanta kai tsaye: kuna iya ɗumama gidanku yadda ya kamata? Ana bin ku bashin kuɗin wuta ko ruwa? Rufi na yoyo, bango na jiƙa? A 2014 kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke zaune a gidan da ba a iya ɗumamawa. Daga binciken kashe-kashen gidaje kuma, ana jera gidaje bisa abin da suke kashewa kan makamashi, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi yawa, a ɗauki na tsakiya. Wanda kason samunsa da makamashi ke ci ya ninka na tsakiyan, yana cikin matsi. Wanda abin da ya kashe bai kai rabin na tsakiyan ba, ana zargin takura kansa yake yi.

A lura da wuri da gini ma: sanyin duwatsun arewa ba ɗaya yake da na tsibirin Kirit da ke kudu ba, kuma galibin gidajen da aka gina kafin 1980 ba su da abin tare sanyi a bango.

In za ki gwada a Jos, kada ki tsaya a katin mita. Haɗa da gawayi, itace, gas, kananzir da man janareta, kuma ki yi tambayar lokacin hunturu, tsakanin Disamba da Janairu.