Amsa ga Yaya kan hoton ɗakin gungume

Yaya, na ji saƙonki, sai da na maimaita shi sau biyu don dariya. Kika ce mun tsallake teku mun baro ƙauye, sai ga mu muna biyan kuɗin ƙofa don a nuna wa 'ya'yanmu murhu da rijiya. Wallahi shekarar da muka zo ni ma abin da zan ce ke nan. Bari in warware miki zare da abawa.

Wurin da kika gani a hoton da na turo sunansa Black Creek, ƙauyen tarihi ne da aka ajiye don kallo, a arewacin Toronto ta Kanada yake, jikin Jami'ar York. Ba mai kwana a ciki. Asalinsa gonar wani Daniel Stong ce da matarsa Elizabeth, jinin Jamusawan da suka ƙauro daga Pensilbeniya ta Amurka. A 1816 suka sari dajin wurin, suka yi ɗan ɗakin gungumen da kika ga auta tsaye a ƙofarsa. Da Allah ya buɗa musu sai suka gina babba mai bene a 1832, kuma duka biyun suna nan inda aka kafa su. Sauran gine-ginen, kusan arba'in ne gaba ɗaya, yawancinsu kwaso su aka yi daga garuruwan Ontariyo aka sake dasawa a nan. Har da injin niƙa na 1842 wanda ruwa ke juyawa, ginin dutse ne, aka warware shi aka zo aka mayar. A 1960 aka buɗe wurin.

Ba mu muka ƙirƙiro zuwan ba, makaranta ce. A nan 'yan aji uku na firamare suna karanta yadda mutanen farko suka yi zama, don haka ana ɗibar su a kai su irin waɗannan wurare. Ranar da aka kai babban nawa, ya dawo yana zare ido. Wai Mama kin san mutanen da, da igiya suke jawo ruwa daga cikin rami? Ni fa, Yaya. Ni da kanta ta cika mini tafin hannu a bakin rijiyar gidan Kaka. Na buɗe baki zan ce masa guga, sai na tuna bai taɓa jin kalmar ba, kuma ba laifinsa ba ne, don ba abin da zan nuna masa a hawa na tara in ce ga guga. Yaranmu suna jin Hausar "zo ka ci abinci" da "kashe talabijin". Rumbu, turmi, faifai, zuga-zugi, duk ba su da inda za su zauna a kansu.

Daga nan abin ya zame mana al'ada. Idan aka rufe makarantu a ƙarshen Yuni, sai gida huɗu ko biyar mu sa Asabar ɗaya. Ba mu da yawa a garin nan, 'yan Kano ne da Katsina da Jos, da gida ɗaya na Damagaram. Mata mu yi waina da dambu da zoɓo mu zuba a kula, maza su ɗauko dardumai, in azahar ta yi a sami gindin bishiya a yi jam'i. Doka ɗaya ce: daga an shiga ƙofa an ajiye Turanci. Duk abin da aka gani sai an faɗi sunansa da Hausa, wanda ya fi kawo sunaye shi ke da askirim. Mu manya ma mukan sha kunya. Bara sai da aka yi musu mai zafi a maƙera kan abin kama jan ƙarfe, wasu na cewa awartaki, wasu arautaki.

Maƙerar nan maza ba sa son barin ta. Zuga-zuginsu ƙato ne, an kafe shi wuri ɗaya ana jan sa da sanda, ba irin namu na fatar akuya da yaro ke zama yana bugawa hannu bibbiyu ba. Amma uwar maƙera ita ce dai, masaba ita ce dai, har warin gawayin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a ɗakin kaɗi. Surukar wata ƙawata ta zo wankan jego, muka tafi da ita. Ma'aikatan wurin kayan mutanen da suke sawa, akwai wata baturiya da doguwar riga tana kaɗa gashin tunkiya da keken kaɗi na katako. Hajiya ta tsaya ta daɗe tana kallon hannunta. Can sai ta miƙa hannu aka ba ta ɗan gashin, ta murza shi a cinya ta ja, zare ya fito sumul. Ta fara ba yara labarin auduga: a gurje ta a fitar da angurya, a shiɓe ta da baka, a sa alli a yatsu, a murza mazari. Ni na zama tafinta tsakaninta da baturiyar. Yaran da ba sa minti biyu ba su taɓa waya ba suka yi tsit. Auta har yau in ta ga zaren ɗinki sai ta ce mazari, na gaji da gyara mata.

Kin tambayi cocin da ya fito a bayan hoton. Eh, akwai shi, tsohon gini ne cikin kayan kallo. Wasunmu kan leƙa da yara, wasu su wuce, ba mai yi wa wani gori. Haka ɗakin aladun su Stong, mun gaya wa yara abin da ake kiwo a ciki da abin da ya hana mu ci, shi ke nan.

Sai dai ba duk labarin nake haɗiya ba. Dajin da aka ce an sara, da masu shi. Mutanen Misisoga ne, 'yan asalin ƙasar, kuma a takardar cinikin 1805 sule goma aka biya su kan ƙasar da Toronto take zaune a kai. Sai a 2010 gwamnatin Kanada ta biya su diyyar dala miliyan 145. Su ma masu kula da ƙauyen tarihin sun farga, a 2024 suka cire kalmar da ke nufin masu saran daji daga sunansa. Wannan nakan gaya wa babban a mota, don ya isa ji.

Ni abin da ke ba ni haushi, Gidan Makama tun zamanin Muhammadu Rumfa yake, ya girmi duk ginin da ke wurin nan da shekaru sama da ɗari uku, amma na yi shekara ashirin da wani abu a Kano ban taɓa shiga ba. Ke ma ki faɗi gaskiya.

Kin ce ana shawarar ture ɗakin Kaka a yi na bulo. Don Allah ki roƙar mini Baffa a dakata. A sami magini ya yaɓe shi kafin damina, ki faɗa mini nawa ne in turo. Dutsen niƙanta kuma, in bai ɓace ba, a shigar da shi ciki. In Allah ya yarda muna tafe da yara hutun Disamba.